Safiyar da Na Tuƙa 'Yar Ingila a Hanyar Badar

Ko da Allah ya ja kwanana har na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tuƙa mota a ƙasar Saudiyya ba. Ni mace, a ƙasar da doka ta hana mata tuƙi, ni baƙuwa, ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Abin bai daɗe da faruwa ba, don haka in an ga labarin yana rawa a yi mini haƙuri.

Bayan na gama sakandare a Zariya aka turo ni Madina wurin yayan mahaifiyata, Kawu Isa, don in taimaki matarsa Hajiya Rabi da ciwon ƙafa ya zaunar. Muna zaune a Ƙuba, a wasu ɗakuna da ke gefen wani tsohon lambun dabino. Kawu ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Tun yana saurayi ya baro gida, ya daɗe a Sudan yana koyon gyaran mota, sannan ya tsallako teku. Burinsa a duniya guda ɗaya ya rage, kuma ba ya ɓoye shi: Allah ya ɗauki ransa a Madina, a rufe shi a Baƙi'a. Sai dai zaman baƙo a nan yana rataye ne da iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuma tana rataye da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka. Kafilin Kawu shi ne mai lambun, wani dattijo ɗan kasuwar dabino da kowa yake kira Ammu Salih, kamar a ce baffa a wurinmu.

Aikin Kawu a wurinsa shi ne kula da wasu tsoffin motoci biyu da ya sayo zamanin da yake yawon ƙasashe. Irin motocin nan ne da Turawa suka ƙera don mai hali ya ɗauki matarsa da akwatinsa ya keta ƙasa da ƙasa a guje ba tare da bayansa ya gaji ba: gaba dogo, ƙofa biyu rak, kujerar baya kuwa sai dai a ajiye jaka. Ɗaya koriya ce mai duhu, muna ce mata 'yar Ingila. Ɗayar ja ce wur, 'yar Italiya. Ba inda suke zuwa. Kawu yana tayar da su, ya zagaya lambu da su, ya goge su, ya mayar ya rufe.

'Ya'yan Ammu kuwa manyan motocin Amurka suke hawa masu na'urar sanyi, kuma sun daɗe suna gunaguni. A kan me za a riƙe mutum guda, ana sabunta masa iƙama, saboda ƙarafan da ba sa kai kowa ko kasuwa? A lokacin da abin nan ya faru iƙamar Kawu ta kusa ƙarewa. Ba wanda yake faɗa a gidanmu, amma duk mun san kuskure ɗaya ya ishe su hujja.

To ga inda nawa rawar kan ya shigo. A garejin akwai littattafan motocin da tarin tsoffin mujallu, duk da Turanci. Kawu yana jin injin da kunnensa da tafin hannunsa, amma bai karanta boko ba. Da ya gane na iya, sai ya riƙa kawo mini su bayan la'asar, in karanta in fassara masa. Ban taɓa shiga garejin ba, saboda ma'aikatan lambu maza ne suke kai da kawo a wurin, iyakata in hango motocin ta taga. Duk da haka kafin a je ko'ina na zama gwanar mota a bakina. (Hajiya Rabi takan ce in na fara zancen silinda har miyar da ke kan wuta sai ta ƙone don kunya.) Kuma na ɗauki ɓangare. Ni ta 'yar Ingila ce.

“Kawu, ai a rubuce yake, ta Ingila ta fi,” in ji ni wata rana. “Kujerunta fata ce ɗinkin hannu, gabanta katako ne gogagge, injinta silinda shida ne ba ya wahalar da mai shi. Sun ce mutum zai wuni a cikinta ya fito rigarsa ba ta yamutse ba.”

“Littafin su wa ya faɗa, Uwata?”

“Na Ingila.”

“To. In kin samo na Italiya sai mu ji ta bakinsu.”

Shi zuciyarsa tana kan jar. Bai taɓa ɓoye aibinta ba: cikinta zafi kamar tanda, in aka tafi da ita a hankali fulogoginta su yi baƙi ta hau fushi, kuma daidaita kafiretocinta yakan cinye masa wuni. Amma yakan ce in silindarta goma sha biyu suka daidaita, sai ka ji kamar 'yan mata suna lugude a turmi ɗaya, ba taɓaryar da take bugun 'yar'uwarta. Ita kuwa tawa, in ji shi, mutuniyar kirki ce, sai dai duk inda ta kwana sai ta bar ɗigon mai a ƙasa, wayoyin wutarta kuma suna da ranakun da ba sa son magana. Na ce sharri ne. Ya yi dariya ya ce in ci gaba da karatu.

Ana nan sai Ammu ya yanke shawarar rabuwa da ɗaya, don ya rage surutun 'ya'yansa. Aka sami wani Bature injiniya da yake aiki a Yanbu, mai tara tsoffin motoci yana aikawa ƙasarsu, ya ce yana so ya ga duka biyun ya zaɓa. Tun da ba Musulmi ba ne ba shi da ikon shigowa gari, sai dai a fitar masa da su bayan iyakar Harami, a kan hanyar Badar. Ɗan Ammu da yake jin Turanci yana Riyad. Shi ne Ammu ya ce wa Kawu, ba ka ce 'yar ƙanwarka ta iya harshensu ba? Larabcina a lokacin na cefane ne, ina ji fiye da yadda nake iya mayarwa. Aka shirya Bature zai faɗa mini, in faɗa wa Kawu da Hausa, Kawu ya faɗa wa Ammu da Larabci.

Hajiya Rabi ba ta so ba.

“Alhaji, yarinya a tsakiyar maza a bakin titi?”

“Da kawunta a gefenta. Ba abin da za ta yi sai magana.”

Na sunkuyar da kai kamar wadda aka tilasta, alhali cikina fal murna. Abayata ma sai da na goge ta sau biyu.

Muka fita da sanyin safiya. Ammu ya riga mu tafiya da 'yar Ingila, shi da kansa ya ja ta. Ni da Kawu muka bi a 'yar Italiya. Kawu ya buɗe mini ƙofar dama na shiga na zauna, shi ya zagaya hagu inda sitiyari yake, kamar kowace mota da na taɓa hawa tun da na zo ƙasar nan. A riƙe wannan, domin ƙafafuna sun riƙe shi fiye da kaina.

Wurin da aka yi alkawari wani fili ne mai tsakuwa a gefen hanya, a kan ɗan tudu. Ƙasa kaɗan da shi akwai shingen 'yan sanda inda ake duba masu shiga gari, an jera ganguna cike da siminti. Mun tarar da Ammu a tsaye da Baturen, 'yar Ingila tana fake hancinta yana kallon gangaren. Kawu ya sauka, ya fara zuwa ya duba ta, ya gyara mata tsayuwa, sannan aka shiga magana.

Ba yabon kai ba, na yi aikina da kyau, kuma da a nan labarin ya tsaya da yanzu ina ba da shi da wata irin murya. Baturen ya san abin da yake nema. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsu yana neman tsatsa, ya shinshina man inji, ya ƙwanƙwasa jikinsu da yatsa don ya ji ko an taɓa cike wani wuri. Ya tambayi ko fentin na asali ne, ko an taɓa canja inji, ko kujerun su ne suka zo da motar, domin a wurin masu tarawa tsohuwar fata mai tsagewa ta fi sabuwa daraja. Ya ce ta Italiya ba a ƙera irinta da yawa ba, kuma ta fi gudu da kyan murya, amma in wani abu ya lalace a jikinta sai mutum ya yi furfura yana nema. Ta Ingila ta fi nauyi, ta fi natsuwa a doguwar tafiya, kayan gyaranta kuma suna samuwa a garinsu. Duk ina juyawa ba gargada.

Sannan ya ce akwai wani abu da ya ja shi ga koriyar: sitiyarinta a dama yake, daidai da titunan ƙasarsu. Da bakina na fassara wannan. Ban ma tsaya nan ba, sai da na ƙara bayanin da ba wanda ya tambaye ni, na ce wa Kawu ai a Ingila hannun hagu ake bi, kamar yadda ake yi a gida kafin a canja hannu muna firamare. Kawu ya ce ya sani, Uwata. Na ga fuskarsa ta saki, domin in Bature ya ɗauki koriyar, jar tasa za ta zauna ke nan.

Abu ɗaya ya rage. Baturen ya ce a tayar da su duka, a bar su a firi, ba a sa giya ba, suna aiki a cikin rana, ya ga wadda allurar zafinta za ta fara hawa. Aka tayar. Ya shiga 'yar Italiya ya zauna yana kallon allura, Ammu ya jingina da ƙofar. Rana ta fara dukan baƙar abayata, na ji jiri yana ɗibata.

“Uwata, je ki shiga waccan ki zauna,” in ji Kawu a hankali. “Kada rana ta kayar mini da ke. In ana neman bakinki zan kira ki.”

Akwai direbobin manyan motoci da suka yi layi a shingen, na ga kamar suna kallona, sai na saki mayafin fuskata na biyu a kan na farko. Duniya ta koma duhu-duhu. Na taka zuwa motar da na yi watanni ina kare mutuncinta, na kama ƙofar dama kamar yadda na yi da safe, na tattare abaya, na faɗa ciki, na jawo ƙofa.

Wani abu mai zagaye ya tokare mini ƙirji. Na sa hannu na shafa. Katako ne mai santsi, gogagge, irin wanda na karanta.

Zan faɗi gaskiya, abin da ya fara zo mini ba tsoron haɗari ba ne. Cewa na yi a raina, kada su gani. Yarinyar da ta gama koya wa Kawu inda sitiyarin Ingila yake, ga ta zaune a gabansa. Na ce bari in sulale in fita shiru, in zagaya ɗaya gefen, ba wanda zai sani. Amma kujerar a ƙasa take kamar ka zauna a tabarma, abayar ta naɗe a ƙarƙashina, ba na ganin komai sosai. Na laluba ina neman abin da zan dafa in ɗaga jikina. Hannuna ya sami wani ƙarfe a gefen kujera. Na kama shi na ja da ƙarfi, bai ɗaga ni ba, na sake shi. (Daga baya aka gaya mini burkin hannun wannan motar ba irin na sauran ba ne. In an ɗaure shi, ba sai ka danna komai ba, ka ja shi sama ka saki kawai ya kwance.)

Sai na ga duwatsun da ke gefe suna tafiya.

Na tuna littafi ya ce burki shi ne na tsakiya. Amma littafi bai faɗi yadda ake gane tsakiya ba in ƙafarka tana cikin yadi kuma idonka a rufe. Na kai ƙafa na taka abin da na samu har ƙasa. Totur ne. Da yake motar a firi take bai ƙara mata gudu ba, amma injin ya yi wani irin ruri da na ji shi a haƙorana. Ashe mutuniyar kirkin da na yi ta yabon ladabinta tana da murya. Duk wanda yake wurin nan, da direbobi da 'yan sanda da Ammu da Bature, ya juyo ya ga mace cikin baƙin mayafi a kujerar direba, tana gangarowa kan shinge injin yana kururuwa.

Na ɗauke hannuwana daga sitiyarin na ɗaga su sama, don kada a ce na riƙe shi. Na yi kalmar shahada. Daga nan bakina ya ƙwace mini, na shiga kiran Innata da ke Zariya, ina cewa ki zo ki ɗauke ni, ba ni nake tuƙawa ba, wallahi ba ni ba ce, ni ban ma son motar. A ganina gudu muke kamar iska. An ce mini mutum mai sauri da ƙafa zai iya kamo ta. Kawu ya gwada, da gwiwoyinsa na tsufa, ya faɗi a kan tsakuwa, ya tashi ya ci gaba.

Motar ta daki ɗaya daga cikin gangunan. Ba da ƙarfi sosai ba, amma na ji ƙarar gilashi yana zuba, kuma har yau in cokali ya faɗi a kan faranti sai gabana ya faɗi.

Wanda ya fara isowa wani askari ne daga 'yan sandan shingen, matashi, dogo, baƙi. Ya tsaya a bakin tagar ya ɗan kau da fuskarsa gefe, ni kuwa ina ta sambatuna. Sai ga Kawu yana haki, wandonsa ya yage a gwiwa, jini yana tsattsafowa. Ya zura hannu ya kashe injin. Bai kalli gaban motar ba.

“Uwata, kin ji ciwo?”

Na yunƙura in fita, ashe gefen abayata ya naɗe a ƙarfen nan ya ƙi saki. Haka na ci gaba da zama a kujerar direba, kowa yana zuwa yana tarar da ni a wurin.

Askarin ya nemi iƙamar Kawu, ya duba, ya riƙe ta a hannunsa. Ammu ya iso a hankali. Ya daɗe yana kallon fitilar da ta fashe da bambar da ta lotsa. Sannan ya tambayi Kawu da Larabci, cikin muryar da ba ta tashi ba, ko ya ɗaure burkin da ya je duba ta. Wannan kam na ji shi sarai, na kuma ji amsar.

“Na tsufa, ya Ammu. Wataƙila ban ja shi ya kama ba.”

Wannan ita ce maganar da 'ya'yan Ammu suke jira, kuma ga ta ta fito daga bakin Kawu da kansa, saboda ni.

Askarin ya ce yana so ya ji abin da Baturen ya gani. Aka duba hagu aka duba dama, ba mai jin Turanci a wurin sai wadda ake tuhuma. Haka na zama tafinta a shari'ar kaina, daga cikin motar. Baturen ya ce ya ga lokacin da Kawu ya ɗaure burkin, har shi ma ya taɓa ya ji ya kama, domin yana son irin burkin. Ya ce ya hango ni na nufi ƙofar da ba ita ba, ya so ya yi magana, sai ya ji tsoron kada ya saɓa al'ada in ya ɗaga murya ga mace. Ya ce amma motar a firi take, ba wanda ya tuƙa ta, gangara ta yi.

Na faɗa wa Kawu duka da Hausa, ban rage komai ba. Na ƙara da cewa, “Kawu, ni na ja ƙarfen. So na yi in fita kada ku gan ni.”

Kawu ya juya ya yi Larabci gajere. Ya ce Bature ya ce motar a firi take, gangara ta yi. Ya haɗiye sauran.

Askarin ya dube shi, ya ce da Larabci, “Ya ammi, ba iyakar abin da ta ce ke nan ba.” Sannan ya juya ga Ammu ya maimaita maganata tun daga farko, har da ƙarfen, har da dalilin da ya sa na ja shi. Ya ce wa Kawu shi kakarsa Bahaushiya ce, tana nan da ranta a unguwar Bani Harisa, da Hausa take yi musu faɗa tun suna yara. Yana ji tsaf, bakinsa ne kawai ba ya juyawa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Duk sambatun da na yi a gabansa ina ganin ba mai fahimta, ashe a kunnensa suka sauka. Kuma bai bar ni da zato ba. Ya ce wa Kawu, fuskarsa ba alamar dariya, “Ka gaya wa 'yar'uwa ta bar kiran Inna haka nan. Zariya da nisa.”

Ya ɗan yi tunani yana buga iƙamar a tafin hannunsa. Ya ce motar da ba a sa wa giya ba, kuma ya gani da idonsa hannuwan wadda take ciki a sama suke, shi ba zai kira wannan tuƙi ba. Gangar gwamnati ba ta yi komai ba. A ɗauke motar daga hanya, shi ke nan. Na fara sauke numfashi, sai na ga ya miƙa iƙamar, ba ga Kawu ba, ga kafilinsa. Ammu ya karɓa ya sa a aljihun gaba, bai dubi kowa ba.

Da 'yar wuƙarsa Kawu ya yanke gefen abayar kafin na iya fita.

Baturen bai ɗauki koriyar ba. Ya ce jirgin da zai ɗauki kayansa ya kusa tashi, ba zai iya jiran fitila ba, kuma irin wannan fitilar ba a samunta a ƙasar nan. Jar ya ɗauka. Aikina na ƙarshe a ranar shi ne in fassara masa wasiyyar Kawu. Ya ce a gaya masa kada ya taka ta da sanyin safiya sai ta ɗumama. A gaya masa ba ta son tafiyar hawainiya, ya riƙa sake mata wuya lokaci-lokaci. A gaya masa in ta yi tari kada ya bari kowa ya taɓa kafiretocin sai wanda yake da kunne. Ina juyawa ina kuka a ƙarƙashin mayafi, Baturen yana gyaɗa kai. Kawu ya miƙa makulli, ya shafa rufin motar sau ɗaya, ya juya.

A 'yar Ingila muka koma, da ido ɗaya. Ammu yana tuƙi, Kawu a gefensa, ni a baya inda ake ajiye jaka, gwiwoyina a haɓata.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Kawu yana fita garejin kamar kullum, ya dawo ya yi alwala ya tafi masallaci, ba takarda a aljihunsa. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Hajiya Rabi ce ta yi, ta yi mai isarta, daga baya kuma da ta ga na daina cin abinci ta koma tsokana. “Direba, taso ki ci tuwo, fasinjoji suna jira.” Mun ji labarin 'ya'yan Ammu sun zauna da shi, muryoyi sun tashi.

Wata la'asar Ammu ya zo har ƙofarmu. Ina bayan labule, na ji komai.

“Isa, ka yi mini ƙarya a gaban askari.”

“Na yi, ya Ammu.”

“Tun da muke ba ka taɓa ba.”

Ammu ya zaro iƙamar ya ajiye masa a kan tabarma, an sabunta ta. Ya ce ya aika a kawo fitila da bamba daga Ingila ta jirgin ruwa, za a sauke su a tashar Jidda, kuma ba wanda zai sa hannu a motar sai Kawu. “Za ka zauna har su zo ka ɗaura. Bayan nan 'ya'yana suna da magana, ni ma ina da tawa. Allah ya nuna mana.”

A nan muke har yau. Kayan ba su iso ba. Kawu yana zama a garejin, a gefen da babu komai yanzu sai tabon taya a ƙasa, yana goge motar da bai taɓa so ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, duk sallar da na yi sai na roƙa wa jirgin nan tafiya lafiya, amma a hankali. In na ji mota ta tsaya a ƙofar lambu ba na barin taga sai na tabbata ba daga Jidda take ba.

Mujallun na mayar wa Kawu, na ce idona yana ciwo. Ya karɓa bai tambaye ni ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya yi tsada. Da a lokacin da katakon nan ya tokare mini ƙirji na leƙo ta taga na ce, “Kawu, na shiga ta ƙofar da ba ita ba,” da dariya kawai za a yi mini, dattawa biyu da Bature ɗaya, a gama kafin a isa gida. Na ƙi yarda mutum uku su yi mini dariya, sai da na tara musu direbobi da 'yan sanda. Yanzu in na sami kaina a inda bai kamata ba, zama nake yi, hannuwana a cinya, in kira babba da babbar murya, ya zo ya gan ni yadda nake.